Wata Agogo Ne ko Sanadi? Nazari a Kan Hasashen Tashin Maras Lafiya ta Hanyar Taurari

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun tsohuwar al'adar duban taurari don sanin ko maras lafiya zai tashi, tun daga likitocin Girka, ta Bagadaza, har zuwa Ingila ta ƙarni na 17. Abin da take son kafawa shi ne al'adar ta haɗa abu biyu da ba iri ɗaya ba: lura ta gaskiya da aka yi a bakin shimfiɗar maras lafiya, da bayanin aro da aka rataya wa wata. Wata ya yi wa likitocin da aikin agogo, su kuwa suka ɗauke shi sanadi.

Gabatarwa

Duk gidan da aka taɓa jinya mai tsanani an san tambayar da ake yi ƙasa-ƙasa a bakin ƙofa, bayan an gama cewa "ya mai jiki": shin ciwon nan na tashi ne? Mai tambayar yana son ya san ko a aika wa 'yan'uwa na nesa, ko a sayar da dabba a ƙaro magani, ko lokacin wasiyya ya yi. Likitan zamanin da ba shi da maganin da zai katse zazzaɓi mai tsanani, don haka kusan duk mutuncinsa ya rataya ne a kan amsar wannan tambaya. In ya ce ranar kaza za a ga sauƙi, aka kuwa gani, ya samu shiga. In ya faɗi mutuwa tun kafin ta zo, ya tsira daga zargin cewa maganinsa ne ya yi kisa. A cikin wannan matsi ne aka haifi abin da Larabawa suka kira buhrani, wato ranar da ake raba gardama tsakanin jiki da cuta, inda gumi zai karyo, ko haɓo, ko gudawa, daga nan maras lafiya ya kama hanyar sauƙi ko ta kushewa. Kalmar da Girkawa suka yi amfani da ita tana nufin yanke hukunci, kamar a gaban alƙali.

Kwanakin buhrani sun riga taurari zuwa

Abu na farko da ya kamata a lura da shi, wanda masu kare ilimin taurari da masu sukarsa duka sukan tsallake, shi ne ƙirgen kwanakin buhrani ya girmi bayanin da aka yi masa da wata. A littafi na ɗaya da na uku na tarin rubuce-rubucen annoba da ake jingina wa likitan Girka Abuƙraɗ, waɗanda aka rubuta wajen ƙarshen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), akwai labarin marasa lafiya 42, kuma 25 daga cikinsu sun mutu. Marubucin yana bin kowane mutum rana-rana, yana rubuta yadda ya kwana, launin fitsarinsa, ranar da ya fita hayyacinsa, ranar da gumi ya zo. Bai ɓoye waɗanda suka mutu a hannunsa ba, bai kuma ɗora wa wani tauraro laifi ba. Inda taurari suka fito, kamar Kaza da 'ya'yanta, sun fito ne don a nuna lokacin shekara, yadda manomi a ƙasar Hausa yake lissafin taurari ya san ranar shuka. Daga irin wannan lura aka fitar da jerin kwanakin da ake sa wa ido, musamman na 7 da na 14 da na 20, sai kuma na 4 da na 11 da na 17 waɗanda ake ɗauka masu share fage ne.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma a yau mun san abin da waɗannan likitoci suka gani. A wancan zamani ƙasashen bakin Bahar Rum cike suke da zazzaɓin cizon sauro. A 1880 Laveran ya ga ƙwayar cutar a cikin jini a Aljeriya, sannan a 1885 da 1886 Golgi ya nuna a Italiya cewa kowane tashin masassara yana zuwa ne daidai lokacin da ƙwayoyin suka gama rarrabuwa suka fasa jajayen ƙwayoyin jini. Wani nau'in yana yin haka duk sa'a 48, wani duk sa'a 72. In aka ƙirga ranar farawa a matsayin ta ɗaya, kamar yadda mutanen da suke ƙirge, nau'in farko zai kada mutum a rana ta 1 da ta 3 da ta 5 da ta 7, na biyun kuma a ta 1 da ta 4 da ta 7. A ganina ba ƙaramin abu ba ne cewa jerin biyu sun haɗu a rana ta bakwai. Ga kuma ciwon huhu mai tsanani, wanda kafin samuwar fenisilin yakan riƙe mutum da zazzaɓi mai zafi na wajen mako guda, sannan in da sauran kwana zafin ya sauka cikin 'yan sa'o'i tare da gumi sharkaf. Likitan da ya kwana a kan irin waɗannan marasa lafiya shekara da shekaru, ya ce cuta tana da kwanakinta, bai yi ƙarya ba. Agogon yana nan, sai dai a cikin jinin maras lafiya yake bugawa.

Watan da Jalinus ya ƙera

Wanda ya ɗaura wannan ƙirge da sama ɗauri mai ƙarfi shi ne Jalinus, wanda aka haifa a Fargamus a shekara ta 129 ya kuma yi aiki a Rum. A kashi biyu na farko na littafinsa kan kwanakin buhrani ya tsaya a kan abin da aka gani a wurin jinya. A kashi na uku ne ya nemi dalili, sai ya kama wata. Zaɓin ba na wauta ba ne, domin wata yana cika rubu'in zagayensa cikin kusan kwana bakwai, kuma kowa ya ga yadda teku ke cika tana janyewa da shi. Matsalar da ta tare shi ita ce rana ta 20. In buhrani makonni yake bi, bakwai sau uku 21 ne, amma abin da ya gada daga Abuƙraɗ 20 ne.

Yadda ya warware wannan ya cancanci a dube shi da kyau, domin a nan duk zancen yake. Wata yana komawa wurin da ya baro a tsakanin taurari cikin kwana 27 da sa'a 8. Kashi uku cikin huɗu na wannan kwana 20 da rabi ne, wanda bai raba gardama tsakanin 20 da 21 ba. Daga tsayuwar wata zuwa wata tsayuwar kuma kwana 29 da rabi ne, wanda ya ƙara nisanta lissafin. Sai Jalinus ya ce a cire kwana uku da wata yake ɓuya, tunda ba ya aiki a kan ƙasa in ba ya haske, saura 26 da rabi. Ya haɗa wannan da 27 da sa'a 8, ya raba biyu, ya sami kwana 26 da sa'a 22. Wannan ne aka riƙa kira watan likitoci. Makonsa kwana 6 ne da sa'a 17 da rabi, mako biyu kwana 13 da sa'a 11, mako uku kwana 20 da sa'a 4 da rabi. Lissafin ya matso kusa da inda ake so, ko da yake har yanzu sa'a huɗu da rabi sun tsallaka cikin rana ta 21. Abin da nake son a riƙe shi ne babu wani abu a sama da ke zagayawa cikin kwana 26 da sa'a 22. Ba a hango wannan wata ba, ƙera shi aka yi. Adadin 20 daga ɗakin jinya ya fito, aka kuma yanka wa sama riga daidai jikinsa. Da wata ne ke jan cutar, da lissafin wata ne zai gyara ƙirgen likita. Abin da ya faru akasin haka ne.

Daga Bagadaza zuwa Landan

Hunainu ɗan Ishaƙ, wanda ya rasu a 873, ya fassara littafin Jalinus zuwa Larabci da sunan Ayyamul Buhran, Alkindi kuma ya rubuta risala kan sanadin buhrani a cututtuka masu tsanani. A wannan zamani ne koyarwar likitoci ta ƙara cuɗanya da ta masu hukunci da taurari, wadda ta zo ta hanyar littattafai irin na Dorotiyus mutumin Saida, da Umar ɗan Farrukhan Aɗɗabari ya juya zuwa Larabci daga tsohon Farisanci. Tsarin da ya fito daga wannan haɗi ya daɗe bai sauya sosai ba. Ana riƙe sa'ar da maras lafiya ya kwanta, a zana yadda sama take a wannan sa'a, a raba ta gida goma sha biyu, a ga inda wata yake. Buhrani na farko zai zo ne idan wata ya yi nisan daraja 90 daga inda yake a sa'ar kwanciya, na biyu a 180, na uku a 270. In a lokacin wata yana kallon Mushtari ko Zahra, taurarin sa'a, sai a yi albishir. In Zuhal ne ko Mirrihi, taurarin nahisa, sai a yi shiru ko a shirya iyali.

Idan aka shiga cikin wannan tsari, sai a ga ƙofofin fita sun yi yawa. Gudun wata ba ɗaya ba ne kullum: wata rana yakan ci daraja 12, wata rana 15. Saboda haka rubu'in farko yana iya faɗawa a rana ta shida ko ta bakwai ko ta takwas, kuma duk ranar da sauyi ya zo a cikinsu an sami abin faɗa. A Ingila, Culpeper, a littafinsa na 1651 kan hukuncin cututtuka daga sa'ar kwanciya, ya ƙara wasu lokutan lura a tsakanin rubu'i da rubu'i, ta yadda kusan duk kwana uku ko huɗu akwai ranar da ake jira. Sai kuma babbar tambaya: yaushe ciwo yake farawa? Mutum ya yini da kasala, ya kwana da ciwon kai, ya fita kasuwa, sai jibi ya kwanta. Wani mai ƙarfin hali ne, wani rago. William Lilly, a babban littafinsa na 1647, ya ba da dama cewa in ba a san sa'ar kwanciya ba a ɗauki sa'ar da aka kawo wa likita fitsarin maras lafiya, ko sa'ar da aka fara yi masa tambaya. Ke nan ɗan aike da ya tsaya hira a hanya yana iya sauya burjin da ke hudowa a gabas, tunda kusan duk sa'a biyu wani yake hudowa. Har ma'anar gidajen ba a daidaita a kai ba. A wurin Sahlu ɗan Bishir, na ƙarni na 9, gida na ɗaya likita ne, na goma maras lafiya, na bakwai cuta, na huɗu magani. A wurin Lilly gida na ɗaya ne maras lafiya, na shida cuta, na bakwai likita, na goma magani. Zane ɗaya, in aka miƙa wa malaman biyu, gidan da wannan ya kira cuta shi wancan zai kira likita.

Amsa ga masu ja

Za a ce abin da ya shekara sama da dubu ɗaya da ɗari biyar a hannun masu hankali ba zai rasa gaskiya ba. Na yarda akwai gaskiya a ciki, kuma na nuna inda take. Yawancin zazzaɓi yana warkewa da kansa, kuma mai duba yana ganin fuskar maras lafiya ko fitsarinsa, yana jin shekarunsa da yadda ya kwana, kafin ya ɗauki alƙalami. Da irin wannan sani, da zane mai ƙofofi da yawa, faɗuwa za ta riƙa zuwa daidai da zama. Shaida mafi girma da muke da ita ta Ingila ce. Simon Forman a Landan da almajirinsa Richard Napier, limamin coci a ƙauyen Great Linford, sun bar bayanan ganawa kusan 80,000 tsakanin 1596 da 1634, waɗanda ke ajiye a ɗakin karatu na Bodleian a Oxford, kuma wani ayarin masana a Jami'ar Cambridge ƙarƙashin Lauren Kassell ya fitar da su a intanet. Kowane bayani yakan zo da suna da shekaru da rana da sa'a da tambaya da zanen sama, sau da yawa har da maganin da aka bayar. Abin da ba ya zuwa sai jefi-jefi shi ne yadda aka ƙare. An tara tambaya dubu tamanin ba tare da an tsara hanyar komawa a ga nawa aka dace ba. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya riga ya taɓo tushen matsalar a Muƙaddima, inda ya nuna cewa tabbatar da tasirin tauraro ta hanyar jarrabawa yana bukatar maimaici mai yawa, alhali wasu zagaye na sama sun fi ƙarfin tsawon rayuwar masu lura.

Za a kuma ce wata yana jan teku, jikin mutum kuwa yawancinsa ruwa ne. Wannan hujja ta fi ta farko daɗin ji, amma ita ce mafi rauni. Cikar teku tana faruwa ne saboda bambancin jan wata tsakanin ɓangarorin duniya masu nisan dubban kilomita, abin da ba ya samuwa tsakanin kan mutum da ƙafarsa, shi ya sa ruwan randa ba ya cika ya janye. Ko an bar wannan, akwai abin da ya fi shi sauƙin gani. Teku tana amsa wa wata a inda yake yanzu, kuma duk jiragen da ke gaɓa ɗaya tare suke tashi. Da haka buhrani yake, da duk marasa lafiyar gari dare ɗaya za su yi gumi. Amma tsarin ya ce mutum biyu da ke kwance ɗaki ɗaya, ƙarƙashin wata ɗaya, in ɗaya ya riga ɗaya kwanciya da kwana uku, buhraninsu ma kwana uku ne tsakani. Abin da ake aunawa ke nan nisan wata daga wurin da ya riga ya bari, wurin da babu komai a cikinsa. Wannan siffar agogo ce: ka duba inda hannu yake lokacin da aka fara, ka ƙirga daga nan.

Ja na uku daga ɗaya gefen yake zuwa, daga masu cewa duk tatsuniya ce, a tattara a zubar. Tarihi bai goyi bayansu ba, domin tun da daɗewa akwai waɗanda suka iya rabe tsaba da tsakuwa. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya rubuta risala ta musamman yana rushe hukunci da taurari, amma ya ware wa buhrani da kwanakinsa fasali guda a littafi na huɗu na Alƙanun. Pico della Mirandola, a littafinsa da aka buga a 1496, ya kai wa watan likitoci hari kai tsaye. Fracastoro a 1538 ya riƙe kwanakin buhrani, ya nemo sanadinsu a cikin jiki. Al'adar riƙe rana da sa'a ga kowane maras lafiya ita ma ba ta mutu ba. Lokacin da Wunderlich ya fitar da littafinsa kan zafin jiki a 1868, bayan aunin marasa lafiya kusan 25,000 a Laifzig, zanen hawa da saukar zazzaɓi ya nuna cututtukan da ke sauka farat ɗaya da masu sauka a hankali, kowace da kwanakinta.

Inda babu lura ko kaɗan

Hanyar gwada hujjar wannan maƙala ita ce a nemo reshen al'adar da bai taɓa shiga ɗakin jinya ba, a ga abin da ya rage a cikinsa. Akwai shi. Wata takardar Girkanci daga Masar, da ke ajiye a Laidin ta ƙasar Holan, ta ƙunshi jadawalin da aka jingina wa Dimoƙraɗis: a haɗa adadin haruffan sunan maras lafiya da kwanan watan da ya kwanta, a raba da 30, a nemi abin da ya rage a jadawali. In ya faɗa layin sama zai rayu, in na ƙasa zai mutu. Irin wannan jadawali ya bazu a littattafan Turai na tsakiyar zamani da sunaye daban-daban, kuma lambobin sukan sauya wuri daga kwafi zuwa kwafi. Mu gwada shi da haruffan Larabci, da sunan Bashir, a ce ya kwanta ran 10 ga wata. A abajadan gabas shinun 300 ne, sunan ya zama 512, a ƙara 10 a raba da 30, saura 12. A abajadan Magrib, wanda malamanmu suka yi amfani da shi wajen ramzin shekaru, shinun 1000 ne, sunan ya zama 1212, saura 22. Mutum ɗaya, ciwo ɗaya, rana ɗaya, lamba biyu, gwargwadon inda mai lissafin ya yi karatu. A nan babu fitsari, babu gumi, babu shekarun maras lafiya, saboda haka babu abin da za a tsamo.

Wannan reshe ne ya fi kusa da abin da aka sani a ƙasar Hausa da sunan hisabi, kuma malamanmu ba baƙi ba ne a wannan muhawara. Muhammad Alkashinawi, Bafulatanin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan Aljabarti, ya wallafa Addurrul Manzum kan ɗalasimai da taurari. Sarkin Musulmi Muhammad Bello kuma, wanda shi kansa ya yi rubuce-rubuce a kan magani, ya rubuta Tanbihu Ahlil Fuhum yana gargaɗi a nisanci masu rufa-ido da masu duba da taurari. Malaman shari'a sun daɗe da bambanta sanin tafiyar taurari don gane alƙibla da lokutan salla da na shuka, wanda ya halatta, da jingina musu tasiri a kan rai da ajali, wanda aka hana. Wannan iyaka ta faɗa kusan daidai inda binciken tarihi ya same ta, tsakanin wata a matsayin ma'auni da wata a matsayin mai aikatawa.

Akwai cutarwa ɗaya da ta shafi rassan duka, har da mai gaskiya a cikinsu, kuma ita ce ta fi damuna. Shawarar da koyarwar buhrani take bayarwa jira ce: kada a dami jiki kafin ranarsa, a sassauta abinci, a sa ido. A zamanin da magani mai ƙarfi shi ne tsaga jijiya a zubar da jini, jiran ya ceci mutane da yawa. Amma nau'in zazzaɓin cizon sauro da ya fi yawa a Afirka ta Yamma, wato falsifarum, sau da yawa ba ya bin wannan tsari na fashin kwana, musamman a farkon kamu, kuma yana iya taɓa ƙwaƙwalwar yaro ko ya shanye masa jini cikin kwana ɗaya ko biyu bayan ya tsananta. Gwajin jini na yatsa yana ba da amsa cikin minti 20 ko ƙasa da haka, maganin kuma na kwana uku ne. Uwar da aka ce wa ta dakata a ga abin da kwana bakwai za su yi, ko aka buga mata lissafi aka ce sunan ɗanta ya faɗa layin ƙasa, an karɓe mata kwanakin da maganin yake da amfani a cikinsu.